Kuɗin Haya da Tsakar Rana

A garin Disina, cikin ƙaramar hukumar Shira ta masarautar Katagum, an yi wani Alhaji manomin shinkafa a fadamar kogin Jama'are. Shekarar da amfanin gona ya yi albarka sai ya sayi wani tsohon gida, ya rushe soron da ke ciki, ya jera ɗakuna na bulo da rufin kwano, ya zuba 'yan haya. Zauren gidan ya mai da shi shago. Bishiyar maina da ke tsakar gida kuwa ya sa aka sare, wai tana cin fili. Da kafinta ya tambaye shi zancen silin, sai ya ce ai ɗan haya rufi yake nema don ruwan sama, ga rufi nan.

Cikin 'yan hayan akwai wani malamin firamare da matarsa da jaririnsu. Da farko in zafi ya matsa, Malam yakan tayar da ƙaramin janareto ya kunna fanka. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin lita ya kusan ninka uku, janareton ya koma lungu aka rufe shi da buhu.

Malam ya je ya sami Alhaji, ya gaida shi da ladabi, ya roƙi a sa musu silin. Ya ba shi labarin da ya ji a rediyo, cewa a Faransa tun 2020 gwamnati ke ba masu gidaje kuɗi su gyara rufi da bango don a rage cin wuta da hayaƙi, har ma sun yi doka cewa daga 2025 gidan da ya fi lalacewa ba za a ƙara ba da shi haya ba. Ya ce ko a nan Najeriya, a 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin gini, kuma akwai maganar kare rufi daga zafi a ciki. Alhaji ya tambaya ko takardar ta zo da kuɗi. Malam ya ce shi dai bai ji haka ba. Alhaji ya ce to madalla, ranar da tamu gwamnatin ta aiko da nata kason, shi ne zai fara shiga layi. Malam ya yi godiya ya tashi.

Azumin 2024 ya faɗo a tsakiyar bazara. Da albashi ya shigo, Malam ya aika wa Alhaji cewa kuɗin haya sun samu, in ya sami sarari ya biyo bayan azahar. Alhaji bai saba jinkiri kan irin wannan saƙo ba. Ya iso, Malam ya tarbe shi, ya ce ai babu zaure, sai ya shigar da shi ɗakinsa na bakin ƙofa, ya shimfiɗa masa darduma. Ya ce ya yi masa afuwa, zai je wurin mai POS ya ciro kuɗin. Ya tafi, kuma ya tarar da layi, ya bi layin a hankali, har ya bar wani dattijo ya shiga gabansa.

Alhaji na zaune, sai ya ji kwanon yana ƙas-ƙas a bisa kansa. Ya cire hula, ya ga bakinta ya jiƙe sharkaf. Ya jingina da bango, ya yi maza ya janye bayansa, don bangon ya ɗauki zafi kamar tanderun mai burodi. A kan taga akwai kyandir, ya lanƙwashe ya kwanta. Ya miƙe zai fita ya sha iska, sai ya hango matan gida sun taru a 'yar inuwar katanga, wadda faɗinta bai kai tabarma ba, kunya ta mai da shi ciki. Waje kuwa rana ce tsirara, ga kututturen mainar nan a inda ya sa aka sare ta. Ta jikin bango yana jin jaririn Malam na kuka, muryarsa har ta dishe, yana jin uwar tana tsoma zani a bokiti tana matsewa tana lulluɓa masa.

Da Malam ya dawo ya miƙa kuɗin da hannu biyu, ya ce Allah ya sa bai daɗe ba. Alhaji ya karɓa bai ƙirga ba, ya fita.

Bayan tarawi ya kira tsohon maginin da ya yi wa mahaifinsa aiki. Tsohon ya ce masa, ɗan nan, soron da ka rushe bangonsa ya yi kauri, rufinsa azarar giginya ce da ƙasa a kai, kafin zafin rana ya ratsa shi gari ya yi sanyi. Kwano kuwa abin da ya karɓa daga sama shi yake juye wa na ƙasa nan take. Ya ce maganin ba shi da wuya: a sa silin a bar sarari tsakaninsa da kwano, a shimfiɗa zana a bisansa, a huda ƙofofin iska gabas da yamma don zafin ya sami hanyar fita, a shafa wa kwanon farin fenti, a dasa itace ta yamma.

Alhaji ya koma gida ya kwanta a ɗakin ƙasa da ya gada, barci ya ƙi zuwa. A shagonsa akwai bandir-bandir na kwano da ya sayo a Azare don ƙara ɗakuna biyu. Ya yi lissafi ya sake yi. Sabon ɗaki kowace shekara zai kawo masa kuɗi. Silin kuwa shi zai biya, wani zai sha sanyi, kuɗin man da aka rage saya ma a aljihun ɗan haya zai zauna. Ta kowace fuska ya juya lissafin, ɗaki ne ke cin riba. Da sahur ya faɗa wa matarsa Hajiya, ya ƙara da cewa gara ya jira tallafin gwamnati. Hajiya ta zuba masa kunu, ta ce to Alhaji, sai ka aika a gaya wa jaririn ya jira shi ma. Ya riƙe ludayin bai kai baki ba har aka fara kiran salla.

Da gari ya waye ya loda kwanon a mota ya nufi Azare. Mai shagon ya ce sai dai ya karɓa da ragi, Alhaji ya ce ya yarda, aka musanya masa da silin da katako da fenti. Bayan Sallah kafinta ya hau aiki, tsohon magini na zaune a ƙasa yana nuna masa da sanda. Aka dasa maina biyu, aka kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Abokan Alhaji masu gidajen haya suka yi ta masa dariya a majalisa, suna cewa ya binne kuɗi a inda ido ba ya gani. Da shekara ta zagayo ya ɗan ƙara kuɗin haya, Malam ya kwatanta ƙarin da abin da fetur zai ci masa, ya biya bai ce uffan ba. Ba a jima ba masu neman ɗaki a layin suka koyi ɗaga kai sama kafin su tambayi farashi. In kuna neman haya a gidan, ku yi magana da wuri, don har yanzu ba wanda ya tashi.