Gidan Haya Amana Ne: Kira ga Jama'ar Kuseri

Muna farawa da sunan Allah, muna gode Masa a kan rufin da Ya sanya bisa kawunanmu, muna salati ga Annabinmu Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya ku iyayena, ya ku yayyena da ƙannena na Kuseri, da duk wanda wannan kira zai iske a Marwa ko a Garwa, yau maganata a kan gidan haya ce. Na san wani zai ce me ya haɗa wa'azi da haya, ai wannan zancen dillalai ne. To, ku saurara. Mutum yana iya tsayar da salloli biyar a sahun farko, ya azumci Litinin da Alhamis, ya je Makka ya dawo, amma ya tashi ranar hisabi da kuɗin hayar wata bazawara rataye a wuyansa. Mutum yana iya raya dare da nafila, alhali a ɗakin da ya bayar haya akwai jaririn da ruwan sama ke ɗiga a kansa. Addinin da ya koya mana yadda ake alwala bai yi shiru a kan yadda ake karɓar makulli da yadda ake mayar da shi ba.

Ku dubi inda Allah Ya zaunar da mu. Nan ne kogin Logon ya haɗu da na Shari, Njamena tana tsallake muna hangen fitilunta, gadar Ngeli tana tsakaninmu. Garin nan ya san baƙo, ya san mai gudun tsira. Dattawanmu sun ga yadda mutanen Njamena suka kwararo nan a 1980 lokacin da yaƙi ya ci birninsu. A watan Fabrairun 2008 suka sake ƙetarowa, dubun dubata, da jarirai a goye da tabarmi a ka. Bayan haka fitinar Boko Haram ta koro mana 'yan'uwa daga wajen Fotokol da ƙauyukan bakin tafkin Cadi. Sannan a Disambar 2021, da rikicin makiyaya da masunta da manoma ya iso cikin gari, sai ga shi mu ne muke ƙetara ruwa muna neman inda za mu sa haƙarƙari a ƙasar Cadi. Mun sauki baƙi, mun kuma zama baƙi. Wanda ya taɓa kwana a ƙofar wani yana jiran a ce masa shigo, bai kamata a tsaya ana yi masa dogon bayani a kan haƙƙin mai neman ɗaki ba.

Amma me muke gani? Duk sanda musiba ta sauka, sai ɗaki ya yi tsada. Duk sanda ruwa ya ci wata unguwa, sai mai gida a kan tudu ya ƙara kuɗi. Duk sanda aka ji harbi a wani gari, sai wani ya fara lissafin ribar da zai ci daga hawayen masu zuwa. Subhanallahi! Ashe kukan ɗan'uwanka ya zama maka kasuwa?

Yanzu kuma kowa burinsa ya bar tsakiyar gari. An gaji da hayaniyar kasuwa da ƙarar babura da ƙurar manyan motocin da ke jiran ƙetarawa Cadi. Magidanci yana son ya kai iyalinsa sabuwar unguwa a bayan gari, inda fili yake da faɗi, inda yara za su yi barci ba a tashe su ba, inda zai rufe ƙofarsa ya ji numfashinsa. Haka abin yake a Garwa, inda gari ke ta miƙewa yana nisa da tsofaffin unguwanni irin su Yelwa. Wannan buri halal ne, babu laifi a cikinsa. A Suratun Nahli Allah Ya lissafa gidaje cikin ni'imomin da Ya yi mana domin mu natsu a cikinsu. Abin da nake tsoratar da mu shi ne mu nemi natsuwa ta hanyar da za ta hana wani natsuwa.

Bari in fara da kai, ya mai gida, domin kai ne makulli ke hannunka.

Ka san ƙasar nan. Ka san laka ce, da rani ta bushe ta tsattsage, da damina ta riƙe ruwa ta ƙi saki. Ka san abin da ya faru a 2022 da Logon ya cika ya tumbatsa, aka shiga wasu unguwanni da kwalekwale, ka kuma san ruwan ya sake dawowa a 2024. A jikin bangon gidanka akwai wani layi ruwan ƙasa, daidai gwiwa ko daidai ƙugu, inda ruwa ya tsaya ya yi kwanaki. Kai ka san shi, maƙwabtanka sun san shi. Sai ka sayo fenti ka shafe shi, ka toshe tsagar da ke kusurwa da ɗan siminti, ka jira watan Maris lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, ka kawo bawan Allah da matarsa su ga gida. Ya tambaye ka, ruwa yana zuwa nan? Ka ce masa, haba, nan ai tudu ne. Ya ƙirga maka kuɗin wata shida ko na shekara, kuɗin da wataƙila sai da ya sayar da akuyoyin matarsa ya haɗa.

Ka tuna ranar da Manzon Allah ya bi ta kasuwa ya ga tarin hatsi, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nisanta mai algus daga kansa. Wancan danshin hatsi ya ɓoye. Kai danshin ɗakin da 'ya'yan mutane za su kwana ka ɓoye. Wanne ya fi nauyi?

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba. Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta yi bayani a fili: idan gida ya rushe kafin wa'adin haya ya cika, hayar ta warware a sauran lokacin da ya rage. Ma'ana, in ka karɓi kuɗin shekara, gidan ya faɗi bayan wata huɗu, kuɗin wata takwas ba naka ba ne. Ba kyauta za ka yi ba in ka mayar, bashi ne ka biya. Gidaje nawa ruwa ya kwantar a garin nan, kuma masu gida nawa ne suka kira ɗan haya suka ce zo ka karɓi sauran kuɗinka? Littafin ya kuma ce haya ba ta warwarewa don mazaunin gida ya rasu. To, ina hujjar wanda tun ba a share makoki ba yake aika wa matar mamaci cewa ta nemi wuri, alhali mijinta ya biya har ƙarshen shekara? Mace tana cikin takaba, marayu suna zagaye da ita, kai kana auna ɗakin da ido kana lissafin wanda zai biya fiye. Ka ji tsoron Allah. Ka ji tsoron Allah. Addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki.

Wata ya ƙare ɗan haya bai kawo ba, haƙƙinka ne ka tambaya, ba wanda ya hana ka. Amma a Suratul Baƙara an umarce mu da mu saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ba a ce ka cire masa ƙyauren ɗaki ba. Ba a ce ka kwance kwano ɗaya daga rufi don rana ta kore shi ba, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Ba a ce ka sa kwaɗo a bayan gida, ko ka tsinke masa waya, ko ka tsaya a tsakar gida kana faɗa masa magana a gaban 'ya'yansa ba. Akwai bulama, akwai liman, akwai hukuma. Kuma wannan sabuwar ɗabi'a ta tambayar ƙabila kafin a ba da ɗaki, wannan Kotoko ne, wancan Balaraben Shuwa ne, wancan Musgum ne, ba na ba irin su, ku sani ita ce itacen da ke rura wutar da ta ƙone mu a 2021. Ka tambayi halin mutum da amanarsa, wannan daidai ne. Asalinsa kuwa Allah ne Ya zaɓa masa.

Kai kuma dillali, maganarka gajeruwa ce. La'adarka halal ce matuƙar ka faɗi gaskiya. In ka san aibin gida ka yi shiru, kai da mai gida kun yi tarayya a zunubi, kuma 'yan sefar da ka karɓa ba za su ishe ka fansa ba.

Sai kai, ya ɗan'uwana ɗan haya. Kada ka ji na matsa wa mai gida ka ɗauka kai ka tsira. Annabi ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Kana da kuɗin sabuwar waya, kana da kuɗin ankon biki, kana da na shan shayi da abokai kowane dare, amma in ka hango mai gida sai ka canza hanya, in ya yi sallama ka ce wa yaro ya ce ba ka nan. Ka koya wa ɗanka ƙarya don ka danne haƙƙi. Ba duk mai gida ne attajiri ba. Wata tsohuwa ce da mijinta ya bar mata ɗakuna biyu, da su take sayen gero da magani. Wani dattijo ne da ya zuba duk gumin ƙuruciyarsa a bulo da kwano don kada ya yi bara da furfura. In ka kwashe kayanka da tsakar dare ka gudu da bashin wata uku, ka sani ba ka gudu ko'ina ba. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta buɗe. Gidan da aka ba ka amana ne: ka mayar da shi yadda ka same shi, kada ka saka wani a ciki ba da sanin mai shi ba, kuma in mita ɗaya kuke tarayya da maƙwabta, ka biya rabonka na wuta da ruwa ba sai an yi ta bin ka ba.

Akwai kuma wata cuta da ke bin mu zuwa waɗannan unguwanni masu shiru, ita ce ta fi damuna. Mutum ya tare, ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe, shi ke nan. Shekara ta zagayo bai san sunan wanda ke jikin katangarsa ba. A yi haihuwa bai je barka ba, a yi rasuwa sai dai ya ga tabarmi a ƙofa ya wuce da babur ɗinsa. A kira sallar asuba, masallacin unguwa sahu ɗaya bai cika ba, alhali gidaje cike suke da maza. In an ce a fito a cika buhuna da ƙasa a tare ruwa, ko a yashe magudana kafin damina, sai ya ce ni ɗan haya ne, ba gidana ba ne. To, in ruwan ya zo, zai tsaya a ƙofa ya tambayi takardar fili? Shirun da muka je nema ya zama shirun yanke zumunci. Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har Annabi ya zaci za a ba shi gado. Ayar Suratun Nisa'i da ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci ta haɗa na kusa da na nesa, ba ta ware mai gida daga ɗan haya ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da aka turo daga kudu ya kama ɗaki kusa da kai, ko da ba addininku ɗaya ba, yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka. A wajenka zai karanta Musulunci kafin ya karanta shi a littafi.

Ku tuna Abu Ayyubal Ansari, Allah Ya yarda da shi. Da Manzon Allah ya isa Madina a gidansa ya sauka, ya zauna watanni, Annabi a ƙasa, shi da matarsa a bene. Wani dare tulun ruwansu ya fashe. Suka ɗauki mayafin da suke rufa da shi, ba su da wani, suka yi ta tsane ruwan da shi don kada ɗigo ɗaya ya sauka a kan baƙonsu. Wannan shi ne mai gidan da muke da'awar muna bin sawunsa. Su sun hana kansu abin rufa don kada ruwa ya taɓa wanda ke ƙarƙashin rufinsu, mu kuwa damina uku ana kai mana kukan yoyo muna cewa sai an biya tukuna.

Saboda haka ina roƙon ku, don girman Allah, mu canza. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka kada kunya ta hana mu rubutu. Duk hayar da za a ƙulla daga yau, a zauna gaban shaidu biyu, a rubuta kuɗi, a rubuta wa'adi, a rubuta wanda gyaran rufi da masai ke kansa, a rubuta abin da za a yi in ruwa ya shigo. Mai gida ya kama hannun mai nema ya nuna masa inda ruwa ya tsaya. Mai nema, kafin ya tambayi faɗin ɗaki, ya tambayi nisan masallaci da makarantar yara, ranar da ya tare kuma ya bi maƙwabta gida gida ya yi sallama. Limamanmu da bulamominmu, ku buɗe ƙofofinku ga wannan sulhu, kada ku jira sai an kai ga ofishin 'yan sanda.

Wanda kuma ya san akwai kuɗin wani a hannunsa, na gidan da ya rushe ko na watannin da ya gudu bai biya ba, kada ya bari Juma'a mai zuwa ta same shi da su. Ka nemi mai haƙƙin, in ya rasu ka nemi magadansa, in ya ƙetara Njamena ka hau gada ka bi shi. Ka kai masa da hannunka, ka nemi gafararsa tun bakinka yana iya furtawa.