Albaras da Hukuncin Gaggawa

Wata mas'ala kan zo gaban malamai a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu. An sa wa yarinya rana, sai fari ya ɓullo mata a gefen baki ko a yatsu, dangin miji su aiko a mayar musu da kayansu. Shin suna da wannan haƙƙi?

Wajibi ne a fara sanin halin cutar tukuna. Wannan fari, wanda likitoci ke kira bitiligo, yana samuwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta kashe ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko musafaha, ko kwanciyar aure. Kuma ba kuturta ba ne, domin tabon kuturta yakan mace har a taɓa ba a ji ba, shi kuwa wannan ana ji sarai.

Tafiyarsa ba iri ɗaya ba ce. Akwai wanda ke kama sashe ɗaya na jiki, ya yi gudu shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan ya tsaya cik. Akwai mai fitowa dama da hagu, wanda kan yi shiru shekaru, ya motsa, ya sake kwantawa, wani lokaci ya bi gurbin ƙuna ko yanka. Launi kan dawo a fuska da magani, yana tasowa ɗigo-ɗigo daga gindin gashi, amma yatsu da leɓe suna da taurin kai. Likitoci ba su cewa ya tsaya sai an yi shekara guda ba sabon tabo, tsohon kuma bai ƙaru ba.

To, a nan ne abin lura yake. Risala ta lissafa albaras cikin aibobin da ke ba da zaɓi a aure, wannan gaskiya ne, don haka ɓoye shi ga mai neman aure ha'inci ne. Amma Muhtasar na Halil ya ce a jinkirta shekara guda in ana tsammanin warkewa. Malaman fiƙihu sun ba da shekara, likitoci sun ba da shekara, su kuwa dangin miji ko kwana bakwai ba su iya jira, balle su bari a kai yarinya Asibitin Rasheed Shekoni a tabbatar da abin da ke jikinta. Sau da yawa ma ƙyasfi ne, wanda magani ke kashewa.

Fasa aure halal ne ga wanda zuciyarsa ta ƙi. Abin da ba shi da madogara shi ne cewa alhaki ne ya kama ta, ko a ware mata kwano. Muslim ya ruwaito cewa Uwaisul Ƙarni ya yi albaras, ya warke, sauran tabo gwargwadon dirhami. Wannan tabon yana cikin alamomin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba sahabbai don su gane shi, kuma da Sayyidina Umar ya same shi cikin mutanen Yaman, roƙonsa ya yi ya nema masa gafara.