Zauren Gari: Daga Ina Ikonsa Ya Fito?

Ya ku 'yan makaranta, ga wata tambaya da ya kamata ku juya ta a zukatanku. Mutumin da doka ta karɓe wa iko, amma jama'a ba su daina kai masa ƙara ba, shin mai iko ne ko kuwa?

Mu ɗauki Dogon Daji, tsohon garin nan na ƙasar Tambuwal, kudu da Sakkwato. Tun kafin zuwan Turawa, sha'anin gari irin wannan a zauren sarki ake yanke shi. Liman na nan, da masu unguwanni, da sarkin noma, da sarkin fawa, da arɗon Fulani in maganar ta shafi shanu. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 ba su rushe zauren ba, sai suka ɗora masa kaya, watau tara haraji da jangali a kai baitulmalin En'e. Nan fa fuskar zaure ta juya. Wanda dā ke sauraron na ƙasa, ya koma sauraron na bisa. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, kāna dokar 1954 ta ba da hanyar kafa majalisun gunduma da na ƙauye. A 1976 kuma aka mai da mulki hannun ƙananan hukumomi, aka bar sarakuna da ba da shawara kawai.

To, sai me ya faru? In damina ta faɗi, shanu suka tsallake burtali suka shiga gero, ina manomi ke nufa da fari? Ba safai ya kan nemi kansila ba, ƙofar sarki ya kan tafi. Dalili kuwa a fili ya ke. Dattawan nan sun san iyakar gonar, sun san tsamiyar da kakannin masu husuma suka yi shaida da ita. Abin da ya fi wannan ma, gobe da asuba za su haɗu da wanda suka ba rashin gaskiya a sahu guda. Alƙalin birni ya yanke hukunci ya hau mota. Dattijon ƙauye kuwa tilas ya kwana da hukuncinsa. A ganina tushen ikon ke nan, mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.

Amma kada ku ɗauka zaure ba shi da aibi. Kusancin nan da ya ba shi ƙarfi, shi ne kuma ciwonsa. Yaya talaka zai musa wa mutumin da ya ranta masa damin dawa a bazara? Mata su ke shan wahalar ɗiban ruwa, alhali kuwa ran da za a yi maganar rijiya ba a jin muryarsu sai ta bakin wani. Majalisar da ba a jin kome cikinta sai "ranka ya daɗe", ai fadanci ne, ba shawara ba.

Waɗansunku za su koma gida su zama masu riƙe alƙalami a irin wannan zama. Ran da mai arziki da matar da mijinta ya rasu suka zo a kan gona guda, dattawa suka yi shiru suna kallon ƙasa, ku ne za a ce ku karanta abin da aka rubuta bara.