Wa Ke da Ikon Yanke Maganar Mata-Maza?

A ƙasar Goronyo, kamar ko'ina, akan haifi jaririn da ungozoma za ta duba ta kasa cewa namiji ne ko mace. Shi ne mata-maza, wanda malamai ke kira hunsa. Ranar suna na matsowa, dangi na tambaya, uba kuwa ya ƙosa a tafi asibitin koyarwa na Sakkwato, likita ya raba gardama da wuƙa. To, wa ke da ikon yanke wannan magana? Uba ne, ko likita, ko kuwa mai jikin, wanda bai ko buɗe baki ba tukuna?

Malaman fiƙihu ba su yi garaje ba. Suka ce a dubi mafitar fitsari. In abin ya rikice a jira balaga, a ga gemu, ko nono, ko haila. In har bai bayyana ba, ranar gado a ba shi rabin rabon namiji da rabin na mace. Watau sun gwammace a zauna da shakka shekara da shekaru da a zalunci mutum guda.

Likitoci sun daɗe kafin su koyi wannan haƙuri. A Kanada an haifi wani yaro, David Reimer, a 1965. Wajen kaciya aka lalata masa gaba, sai wani masani ya ce a yi masa aiki a rene shi mace. Aka yi. Yaron nan bai taɓa jin kansa mace ba. Yana shekara 14 aka gaya masa gaskiya, ya koma namiji, amma a 2004 ya kashe kansa. A 2015 ƙasar Malta ta hana yi wa yaro irin wannan aiki muddin yana jiruwa, har mai jiki ya yi wayo ya yarda da bakinsa.

Lalle a kai jariri asibiti da wuri, gama akwai irin da gishirin jiki ke tsiyayewa, ba ya son jinkirin magani. Amma aikin zaɓen jinsi dabam ne. Kafinsa ya kamata likitan hankali ya zauna da mai jiki. Mutumin ƙauye da ya ji an ambaci asibitin Kware sai gabansa ya faɗi, yana zaton hauka ake jingina wa ɗansa. Ba haka ba ne. Likitan so yake ya ji ko yaro ya gane abin da aka yanke ba ya komawa, ya kuma tabbata son ransa yake faɗi, ba gorin maƙwabta ne ya tura shi ba.