Bindigar Harbin Agwagwa: Me Muke Bege A Cikin Tsohon Kaya?

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan magana ta fi nauyi a kan wanda ya haura shekara arba'in, domin daga nan ne hirarsa take fara karkata zuwa "a da can". Tambayar da muke son mu tattauna da 'yan'uwa marubuta ita ce: idan mutum ya ce yana begen wani tsohon abu, shin abin kansa yake bege, ko kuwa wani abu ne dabam da ya raɓu da shi? Za mu ɗauki misali da abin da bai taka kara ya karya ba, wato bindigar robar nan ta harbin agwagwa a talabijin, wadda ta yi tashe a Ɗorayi da sauran unguwannin Kano a shekarun 1990.

Wasan harbi da haske ya daɗe a duniya. Tun a 1936 kamfanin Seeburg na Amurka ya ƙera wata na'ura da ake jefa mata kwabo a harbi agwagwa da hasken fitila. A 1984 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da wasan Duck Hunt, wanda ya shigar da abin cikin ɗakunan mutane. Daga baya manyan akwatunan gidajen wasa suka biyo, irin su Operation Wolf a 1987, da Virtua Cop a 1994, da Time Crisis a 1995, wanda har da abin takawa da ƙafa domin mai wasa ya laɓe wa harsashi. Mu namu rabon shi ne kwaikwayon na'urar Nintendo da ake yi a Taiwan da Sin, ana sayo ta a kasuwar Sabon Gari tare da bindigarta da kaset ruwan ɗorawa. A jikin kaset ɗin an rubuta cewa wasanni dubbai ne a ciki, amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa.

Wanda ya tashi a Ɗorayi a wancan lokaci ya san yadda abin yake. Magidanta da yawa ma'aikatan kamfanoni ne a Sharaɗa da Challawa, wasu har Bompai suke zuwa a kan keke, masu aikin masaƙa da na jima da na roba da na alewa. Daga albashin ƙarshen wata ake tara kuɗin talabijin, a gida ɗaya ko biyu kuma a sami wanda ya ƙara da na'urar gem. Tashoshin CTV da NTA sai da yamma suke buɗewa, saboda haka da rana akwatin na yara ne, muddin Nefa ta kawo wuta. Bindiga ɗaya ce, yara kuwa sun fi goma. Dole a yi layi, wanda ya kuskure ya miƙa wa na bayansa, karen nan na cikin wasan ya ɗago kai daga ciyawa ya yi masa dariya, ɗaki duka ya ɗauka.

To, a nan akwai wani abu da ba mu sani ba sai da muka girma. Bindigar nan ba ta fitar da komai daga bakinta. Abin da ke cikinta ɗan ƙaramin ido ne mai gane haske. Da zarar an ja kunama, sai na'urar ta baƙanta fuskar talabijin gaba ɗaya na tsawon kashi ɗaya bisa 50 ko 60 na sakan, sannan ta haska wani ɗan farin gurbi daidai inda agwagwar take. Idan bakin bindigar yana kallon wurin, idon zai ga haske bayan duhu, sai a ce an samu. Idan yana kallon wani wuri, duhu kawai zai gani. Wannan shi ne walƙiyar da muke gani duk lokacin da muka harba.

Saboda wannan dalili ne bindigar ba ta aiki da talabijin na zamani. Tsohon akwati mai doro yana nuna hoto nan take, shi kuwa shafaffen na yanzu, wanda muke kira filasma, yakan ɗan riƙe hoton ya gyara shi kafin ya nuna. Kafin farin gurbin ya bayyana, bindigar ta riga ta duba ta ga ba komai. Mutum zai iya adana bindigarsa shekara 30 ba ko ƙwarzane, amma in ba tsohon akwatin ta zama roba kawai. Shi ya sa masu sha'awar tsofaffin wasanni a Amurka da Ingila da Japan suke farautar akwatunan da mu muka sayar wa 'yan gwangwan, tun da kamfanin Sony ma ya daina ƙera irinsu a 2008.

Darasi na farko ke nan. Kaya ba ya rayuwa shi kaɗai, yana tafiya ne da abokan zamansa. Bindigar tana bukatar akwatin, akwatin yana bukatar albashin, albashin yana bukatar kamfanin, layin yaran kuma yana bukatar maƙwabtaka irin wadda ɗan wani zai shiga gidan wani ba a tambaye shi me ya kawo shi ba. Wanda ya nemo bindigar a yau ya sami ƙwaya ɗaya ce daga carbin da ya tsinke.

Darasi na biyu ya fi ɗaci, domin ita ma zuciya haka take aiki in tana bege. Takan duhunta komai ta haska wuri ɗaya. Muna tuna dariyar karen, mu mance da cewa shekarun nan ne tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata. Mu mance da dogon layin mai na 1994, lokacin yajin aikin ma'aikatan man fetur, da iyaye mata da suka koma girki da garin katako saboda kananzir ya gagara. A lokacin da muke jiran layi ya zo kanmu, iyayenmu suna kwana da fargabar takardar sallama. Mu dai yara ne, wani ne yake ɗauke da kayan. Rabin daɗin da muke jingina wa zamanin, daɗin ƙuruciya ne da haƙurin iyaye.

Wannan ba ya nufin begen ƙarya ne ɗungurungum. Akwai abin da aka rasa da gaske. Duk wanda ya zaga Sharaɗa ko Bompai zai ga ƙofofin da suka yi tsatsa, sakamakon rashin wuta da shigowar kayan waje masu araha. Yaron da ubansa ya yi shekara 20 a masaƙa ya tashi bai tarar da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Faɗan daba da ƙwacen waya da suka ɓata sunan wasu unguwanninmu suna da dalilai da dama, kuma babu uzuri ga wanda ya zare wa ɗan'uwansa wuƙa, amma zaman kashe wando yana sahun gaba a cikin dalilan.

Inda begen yake zama laifi shi ne in muka mayar da shi bulalar dukan na baya. Sau nawa muke cewa yaran yanzu waya ta lalata su, mu a zamaninmu ba haka muke ba? Alhali mu ma an ce gem zai hana mu karatu, zai kashe mana ido, zai lalata talabijin. A Amurka ma, a 1993, sai da aka ɗaga bindigar wasan Lethal Enforcers a zauren wani kwamitin majalisar dattawa ana cewa tana koya wa yara kisa. Yaron da ya duƙufa a kan waya shi kaɗai, ai ba shi ya rufe kamfanin ba, ba shi ya sayar da filin ƙwallon unguwa aka yi shaguna ba, ba shi ya sa wa gida ƙyauren ƙarfe ba. Mu da muke manya a yau, mu ne za a tambaya.

Mece ce mafita? A 2019 wani maƙeri a Ingila ya fito da bindigar da ake kira Sinden. Bai tsaya kukan tsohon akwati ba. Ya sa kyamara a bakin bindigar, aka zana farin layi kewaye da fuskar talabijin, sai ga wasan ya tashi a kan filasma. Wato ya tambayi kansa mene ne ainihin aikin tsohuwar, sannan ya nema masa sabuwar hanya. Mu ma tambayar da ta kamace mu ke nan. Abin da ɗakin nan ya koya mana shi ne jiran layi, da miƙa abu ga na kusa, da jure dariyar jama'a in ka kuskure. Waɗannan ba su bukatar kaset ruwan ɗorawa. Suna bukatar wuri da babban da zai buɗe ƙofarsa, ko zaure ne, ko ɗakin karatu na unguwa, ko ƙungiyar wasan kwaikwayo a makaranta.

Ga mu marubuta kuwa, nauyin ya ninka. Masu iya magana sun ce tuna baya shi ne roƙo, amma maroƙi yabo kaɗai yake yi, marubuci kuwa shaida ne. Idan za mu rubuta Ɗorayin 1990, mu sa yaron da bindigarsa, mu kuma sa uban da ya dawo daga aikin dare da ƙurar auduga a gashin ido yana lissafin kuɗin haya. Ta haka ne na bayanmu za su san abin da aka rasa da yadda aka rasa shi, har su sami abin kamawa. Allah Ya sa mu dace, amin.