Annabin da Ya Sayi Gona a Lokacin Yaƙi



Kwanakin baya bayan an tashi daga sujada, wani dattijon ikkilisiya ya tare ni a bakin majami'a ya ce, “Malam Edita, ni kam na gama da ƙasar nan. Katin zaɓena ma ban san inda yake ba.” Ban yi masa gardama ba, gama na san halin da gidansa yake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin Keke Napep daga Tumfure zuwa kasuwa ya zama abin lissafi, iyaye da dama kuwa sun koma auna hatsi da gwangwani. Amma maganarsa ta kai ni ga littafin Irmiya sura 32.

A shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kansa yana tsare a filin matsara. A wannan hali ne Hanamel, ɗan ɗan'uwan mahaifinsa, ya zo yana tallar gonarsa ta Anatot. Wa zai sayi gonar da dawakan abokan gāba suke tattakewa? Irmiya ya saya, bisa ga umarnin Ubangiji. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a takarda a gaban shaidu, ya ce wa Baruk ya ajiye takardun a tukunyar ƙasa domin su daɗe. Abin da ya fi taɓa ni shi ne addu'ar da ya yi bayan ciniki. Bai ɓoye damuwarsa ba. Ya faɗa wa Allah a fili cewa birnin yana gab da faɗuwa, ga shi kuma an sa shi sayen gona. Ya yi biyayya tukuna, sa'an nan ya kai kukansa inda ya dace.

Wannan annabi ne kuma ya rubuta wa waɗanda aka kwasa zuwa Babila wasiƙa a sura 29. Hananiya ya riga ya yi wa jama'a alkawarin ƙarya cewa cikin shekara 2 kome zai wuce. Irmiya ya ce shekara 70 ce, saboda haka su gina gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su nemi alherin garin da suke zaune, su kuma yi masa addu'a. Mukan so aya ta 11 mu manna ta a motocinmu, mu tsallake ta 7 da take ɗora mana aiki.

Mu mutanen Gombe ba baƙin wahala ba ne. Mun ga bam a Tashar Dukku a watan Disamba na 2014. Mun ga na Babbar Kasuwa ranar 16 ga Yuli, 2015, sa'ad da maƙwabtanmu Musulmi suke cefanen Salla, bam ɗin kuwa bai tambayi addinin kowa ba. Ranar 14 ga Fabrairu na shekarar nan ta 2015, 'yan Boko Haram sun shigo garin nan suka watsa takardu suna gargaɗin kada kowa ya fita zaɓe. Duk da haka, ranar 28 ga Maris, mata da maza suka tsaya a layi cikin rana. Idan barazanar bindiga ba ta raba mu da haƙƙinmu ba, abin kunya ne a ce gajiya ko kwalin taliya da turmin atamfa su raba mu da shi. Ba na raina yunwar gwauruwar da ta karɓa. Laifin ya fi nauyi a kan mai bayarwa, da kuma ikkilisiyar da ta bar ta da yunwa. Amma Isuwa ma yunwa yake ji ranar da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari.

Neman alherin gari kuma ya wuce ranar zaɓe. Zaizayar ƙasa tana cin unguwanninmu kowace damina, mu ne kuwa muke zuba shara a magudanar ruwa da dare. Mai bi da yake aiki a sakatariya ya isa ofis a kan lokaci, kada ya riƙe fayil ɗin wani sai an “gaishe” shi. Bulus ya umarci Timoti a yi addu'a domin masu mulki, a zamanin da Niro yake kan gadon Roma. Ba mu da hujjar yi wa gwamna ko kansila addu'a sai in namu ne.

Zaɓen 2027 yana tafe. Ina roƙon kowane gida ya karanta Irmiya 29 da 32 a sujadar iyali cikin watanni ukun nan. Zumuntar Mata da ta Matasa su bincika wa ya kai shekara 18 bai yi rajista ba. Dattijon nan kuwa, matarsa ta gaya mini ta samo katin a cikin tsohon littafin waƙoƙinsa.