Hayar Wata Takwas

Wani maƙwabcina ya gaji da biya wa ɗansa kuɗin haya a Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai ya sayi gida mai ɗaki shida. Yaron ya zauna a ɗaya, aka zuba ɗalibai a sauran. Lissafinsa daidai ne: kuɗin haya in ya tafi ya tafi ke nan, gida kuwa kullum daraja yake ƙarawa, tunda ɗakunan kwanan jami'a ba sa isar ɗalibai.

Sai ga yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai suka watse, ɗakuna a kulle wata takwas, kuɗinsu na ƙonewa. Da aka dawo ya ce kowa ya sabunta haya, kuma ɗansa ya tura ya karɓo daga hannun abokan karatunsa.

A shari'ance bai ci haƙƙin kowa ba: makulli na hannunsu, kuma ba shi ya rufe jami'a ba. Amma da har yanzu shi ke biyan haya, ai shi zai fara kiran wannan zalunci. Ribar gidan nan daga matsin ɗalibi take fitowa, wanda ba shi da inda zai je. Mai cin moriyar matsin wani, ina ganin ya kamata ya ɗauki kaso a asararsa ranar da ta zo. Da ya yafe ko wata uku ne, gidansa na nan.

Yaron kuwa, har ya gama digiri shi kaɗai yake cin tuwonsa.